Kama da Wane Ba Ta Wane: Kira ga Masu Gyaran Tsofaffin Injinan Gem

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana da 'yan'uwanmu masu gyaran rediyo da talabijin da waya, daga nan Garwa zuwa Marwa da Kusiri, har tsallaken kogi Injamena, kan wata ɓarna da ake yi cikin rashin sani. Tsofaffin injinan gem na tsaye, waɗanda ake jefa wa sulalla a buga, har yanzu suna nan a ɗakunan wasa da ɗakunan ajiya, kuma allon da ke ɗauke da kayan cikinsu, wanda muke ce wa fanel, yana zuwa teburin masu gyara. Sai fanel ya zo da ciwo ɗaya ya koma da uku, domin an cire aisi (IC), wato ɗan guntun nan mai ƙafafu da ake dasawa a fanel, an sa wani da ya yi kama da shi a ido. Baƙi ne, ƙafarsa 14, lambar ƙarshe ta zo ɗaya, shi ke nan sai a liƙa. Kama da wane ba ta wane. An daina ƙera waɗannan fanel tun shekaru da dama da suka wuce, duk wanda aka kashe ya tafi ke nan.

Kafin a zo ga wane aisi za a saya, sai an tabbatar aisin ne ya mutu. Da yawa daga waɗanda ake cirewa lafiyarsu ƙalau, wuta ce ba ta isa gare su ba. An yi dangin 74, wato aisin da lambarsu ke farawa da 74, ne su yi aiki tsakanin bolt 4.75 da 5.25, kuma ba a bakin akwatin wuta ake aunawa ba. A kan fanel ake aunawa, a ƙafafun aisin da ya fi nisa da mashigar wuta: ƙafa ta 14 da ta 7 a mai ƙafa 14, ta 16 da ta 8 a mai 16, ta 20 da ta 10 a mai 20. Akwatin wuta zai iya nuna 5.1, can ƙarshen fanel kuma mita ta nuna 4.6, saboda haƙoran bakin fanel sun yi datti ko sun ƙone, ko wayar ta yi siriri. A tsarin JAMMA, wanda kamfanonin Japan suka daidaita a tsakiyar shekarun 1980, bakin yana da haƙori 56, wato 28 a kowace fuska. Na 1 da na 2 layin ƙasa ne, wato na bolt sifili, na 3 da na 4 bolt 5, na 5 bolt -5, na 6 bolt 12. Fanel ɗin da suka girmi JAMMA kuwa kowane kamfani da nasa tsarin, wanda ya cusa irinsu a wannan bakin don kawai ya ga sun shiga yana iya aika bolt 12 cikin layin da ba ya ɗaukar fiye da 5. Idan wuta ta daidaita, a duba bugun agogo da layin tayarwa a ƙwaƙwalwar fanel, wato babban aisin da ke tafiyar da gem: a Z80 ƙafa ta 6 da ta 26, a 68000 mai ƙafa 64 kuma ta 15 da ta 18. Sannan a zare duk aisin da ke kan soket ɗaya bayan ɗaya, a goge baƙin da ke ƙafafunsa, a mayar. Ƙurar hunturu da laimar Agusta suna taruwa a soket su raba ƙafa da mazauninta.

Yanzu ga karatun lamba, wanda shi ne kan maganar. A ɗauki SN74LS245N. SN alamar kamfanin Texas Instruments ce. Hitachi yana sa HD, National yana sa DM, Fujitsu yana sa MB, wannan ɓangaren kaɗai ne za a iya kau da kai daga gare shi. 74 na nufin aisin kasuwa mai jure zafi daga digiri 0 zuwa 70, 54 kuwa irin na soja ne mai jure har 125, kuma yana shiga gurbin 74 lafiya lau. LS shi ne dangi. 245 shi ne aikin da yake yi. N na ƙarshe yana faɗin siffar jikinsa, wato roba mai ƙafafu masu shiga rami. Akwai kuma wata lamba mai alƙaluma huɗu a gefe ko a ƙasa, kamar 8412, wadda ke nufin mako na 12 na shekarar 1984. A tsofaffin kaya na 1974 wannan lambar tana rikita mutum, don 7410 na iya zama mako na 10 na 1974, ba lambar aisi ba. A karanta duka layukan da ke bayansa a hasken rana, da gilashi mai ƙara girma.

Dangi shi ne inda aka fi yin tuntuɓe, domin 74LS ya fara wuyar samu, mai shago kuma zai miƙo 74HC ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. A wurin LS, duk abin da ya kai bolt 2.0 "sama" ne, abin da ya gaza 0.8 "ƙasa" ne. Idan shi LS zai fitar da "sama", alkawarin da kamfani ya yi bolt 2.7 ne, galibi yakan tsaya wajen 3.4. Tsofaffin Z80 ma alkawarinsu 2.4 ne. Shi kuwa HC, a kan wutar bolt 5, yana so ya ga wajen 3.5 kafin ya tabbatar "sama" ce. To, ka ga maƙwabcinsa LS na ba shi 3.4, shi yana jiran 3.5. Da safe gem zai tashi kamar an gama gyara, da azahar akwati ya ɗau zafi sai hoto ya fara yayyagewa ko gem ya tsaya cik, mai shi ya dawo yana cewa an cuce shi. Irin wannan ciwon mai zuwa ya tafi ya fi mutuwa gaba ɗaya wuyar ganowa. Idan babu LS, abin nema shi ne 74HCT, mai T, don shi an yi shi ne ya fahimci 2.0 da 0.8 kamar LS. 74ALS ma yakan zauna a yawancin gurabe.

Amma HCT ma yana da wuraren da ba ya shiga. Na farko, ƙafar shiga da aka bari a sake. Masu zana fanel na da sukan bar ƙafar da ba sa buƙata ba su haɗa ta da komai ba, saboda LS da kansa yana ɗaukar sakakkiyar ƙafa a matsayin "sama". HCT ba ya haka: ƙafar za ta riƙa shawagi, yau sama gobe ƙasa, ko ka kawo yatsa kusa da ita sai ta sauya. Duk wanda zai sa HCT ya bi ƙafafun shiga ɗaya bayan ɗaya da mita, wadda ya samu a sake ya ɗaure ta da bolt 5. Na biyu, ƙarfin ja. 74LS245 yana iya jan miliamfiya 24, 74HCT245 kuwa 6 ne. A layin da aisi biyu ko uku ke kai babu damuwa, amma a layin da ya ratsa fanel ya haura ta kebul zuwa fanel na biyu, ko wanda aka jera wa rezisto masu ja sama, 6 ba za ta isa ba. Na uku, gefen kiristal. Inda aka haɗa 74LS04 ko 74S04 da kiristal don ya haifar da bugun agogo, rezisto da kondansan da ke kewaye da shi an lissafa su ne don wannan dangin. A mayar da irinsa sak, in ba haka ba agogon ba zai tashi ba, ko ya tashi da gudun da ba nasa ba. Haka 74LS123 mai auna ɗan lokaci: kowane dangi da irin tsawon da yake bayarwa a kan rezisto da kondansa iri ɗaya.

Inda aka ga 74S ko 74F kuma, da gangan aka sa shi. LS yana ɗaukar wajen nanosakan 10 kafin ya amsa, S wajen 3 ne, kuma a sashen da ke zana hoto wannan tazarar ita ce tsakanin hoto tsaf da hoto mai zane-zane a tsaye. F yana iya maye gurbin S, LS ba zai iya ba. Kuma kada a ce tunda F ya fi sauri bari a cika fanel da shi, don kaifin bugunsa yana tayar da hayaniya a dogayen layukan tsohon fanel, ma'ajiyar da ke can gaba ta ƙirga bugu ɗaya sau biyu. Tsohon 74 zalla, marar harafi a tsakiya, yana jan miliamfiya 16, LS yana jan 8. Kafin a sa LS a gurbinsa a ƙirga ƙafafun da yake ciyarwa.

Sai 'yan tagwayen da lambarsu ke kusa, ƙafafunsu suka zo ɗaya, aikinsu ya bambanta. 74LS161 da 74LS163 duka masu ƙirga ne, amma 161 yana komawa sifili nan take da an umarce shi, 163 sai ya jira bugun agogo na gaba, kuma wannan bugu ɗaya ya isa ya karkatar da hoto. 373 yana barin bayani ya wuce muddin ƙafa ta 11 tana sama, 374 kuwa a daidai lokacin da bugun ya hau yake cafkewa. 273 yana kama da 374, sai dai ƙafarsa ta 1 ta sharewa ce, ta 374 ta sakin layi ce. 244 yana miƙa abu yadda ya same shi, 240 yana juya shi. Haka 157 da 158. 257 yana iya sakin layi ya bar wa wani, 157 ba ya saki, idan aka sa shi a layin tarayya sai su yi ta kokawa da maƙwabcinsa har ɗaya ya ƙone. 05 da 06 da 07 ƙasa kawai suke ja, rezisto ne ke mayar da layin sama, don haka 04 ba ya shiga gurbin 05. 573 da 574 suna aikin 373 da 374, amma jerin ƙafafunsu daban ne. Akwai ma irin 74LS90 da 74LS93 da wutarsu ke ƙafa ta 5 da ta 10, ba a kusurwa ba. Mai aunawa ya sani kada ya yanke musu hukuncin rashin wuta.

RAM, wato aisin da ke riƙe bayani na ɗan lokaci, ita ce ta fi yawan mutuwa, kuma ita ce ta fi sauƙin musanyawa ga wanda ya kula da abu uku: girma, faɗin jiki, da sauri. 2114 mai ƙafa 18 tana cikin fanel na farkon shekarun 1980, zafi take yi ko da lafiyarta, ga ta kuma a cikin rufaffen akwati a watan Afrilu da zafin garin nan ke haura digiri 40. 6116 mai ƙafa 24 tana zuwa a jiki mai faɗi da kuma siriri, a duba ramukan fanel kafin a yi oda. 6264 da 62256 duka ƙafa 28 ne amma ba girma ɗaya ba. Lambar da ke bayan ɗan layi ita ce sauri, kuma tana yaudara: 62256-10 nanosakan 100 ne, 62256-70 kuwa 70 ne, wato mai ƙaramar lamba ita ce mai nawa. -15 a tsohuwar 6116 na nufin 150, a RAM mai sauri irin ta tsofaffin kwamfutoci kuma 15 ne cif. Doka ita ce sabuwar ta kai tsohuwar sauri ko ta fi ta. A fanel ɗin Neo Geo na kamfanin SNK, wanda ya fito a 1990 kuma masu King of Fighters da Metal Slug suka san shi, akwai ƙananan RAM biyu na sashen hoto, galibi CXK5814 masu nanosakan 35. Girmansu ɗaya da 6116, amma wanda ya sa musu 6116 mai 120 ko 150 zai ga 'yan wasa sun wargaje. RAM ɗin da batir ke riƙe wa bayani kuma dole ta zama mai L ko LL a ƙarshen lamba, wato mai cin wuta kaɗan, in ba haka ba za ta shanye batir.

Shi Neo Geo yana taimakon mai gyara, don idan RAM ta gaza yakan rubuta a gilashi adireshin da ya gwada, abin da ya rubuta, da abin da ya karanto. Adireshi 100000 na RAM ɗin aiki ne, D00000 na wadda ke kan batir. Idan ya rubuta 5555 ya karanto 5755, alƙaluma biyun farko ne suka sauya, ke nan a cikin RAM biyun nan ɗaya ce kaɗai abin zargi, mai riƙe rabin sama. Duk da haka kada a yi garajen cire ta. A dubi gindin batir ɗin nan mai bolt 3.6 tukuna. Idan an ga farin gari ko kore-kore a ƙafafunsa, dalmar da ke kusa ta dusashe ta koma toka-toka, to ruwansa ya bi layukan tagulla ya ci su a ƙarƙashin koren fenti. A cire batir, a wanke wurin, a bi kowane layi da mita daga ƙafar RAM zuwa inda ya nufa. Layi ɗaya da ya tsinke yana ba da saƙo iri ɗaya da matacciyar RAM.

Tsohuwar 4116 mai ƙafa 16 tana buƙatar wuta uku: -5 a ƙafa ta 1, 12 a ta 8, 5 a ta 9. Fanel ɗin kamfanin Williams irin na gem ɗin Defender suna ɗauke da ita guda 24. Idan -5 ta ɓace sauran biyun suna nan, sai su mutu da yawa a lokaci guda, saboda haka a auna wannan ƙafar kafin a sa ko guda ɗaya sabuwa. 4164 tana iya maye gurbinta, amma ba a dasa ta kai tsaye, don ƙafarta ta 8 bolt 5 take so, fanel kuma 12 ya tanada a wurin. Ana ɗage ƙafa ta 1 da ta 8 kada su shiga rami, a haɗa ta 8 da ta 9 da 'yar waya.

EPROM, masu tagar gilashi a baya, su ke ɗauke da gem ɗin kansa. Wanda aka sayo fanko ne, sai an rubuta masa abin da ke cikin na asali, kuma a nan tarkon jerin ƙafafu ya fi yawa. 2732 da 2532 girmansu ɗaya, ƙafa 24 kowanne, amma layin adireshi na ƙarshe a 2732 yana ƙafa ta 21, a 2532 yana ta 18. Fanel ɗin Pac-Man na Midway 2532 yake ɗauka. TMS2716 na Texas wuta uku yake buƙata, ba kamar 2716 na Intel ba. Wanda ya dace da na Intel a wurin Texas sunansa TMS2516. 27C010 da 27C1000 ko 27C301 sun yi musayar ƙafa ta 2 da ta 24. 27C400 da 27C4096 duka ƙafa 40 ne, girma ɗaya, jeri daban. Babba yana iya zama a gurbin ƙarami idan yawan ƙafa ya zo ɗaya: 27C256 a gurbin 27128, ko 27C512 a gurbin 27256. Sai dai ƙafar da ta zama sabon layin adireshi, ta 27 a na farko, ta 1 a na biyu, galibi fanel ya ɗaure ta da bolt 5, aisin kuma zai riƙa karanta rabinsa na sama. Maganin shi ne a rubuta bayanin sau biyu a jere har ya cika shi.

Wutar rubutu ma daban-daban ce. 2716 da 2732 bolt 25 suke so, 2732A 21, 27C256 wajen 12.5 zuwa 13. Wanda ya ba 2732A bolt 25 ya kashe shi. Na'urar rubutu TL866II Plus da ta yi yawa a shaguna ba ta wuce bolt 18, tana karanta tsofaffin amma ba ta rubuta su. T48 tana kai 25. Kafin a zargi EPROM, a karanta shi sau biyu ko uku, a ga ko sakamakon na zuwa ɗaya, sannan a gwama shi da jerin da manhajar MAME, mai kwaikwayon tsofaffin gem a kwamfuta, ta tanada, wadda ke da lambar tantancewa ta kowane ROM da aka sani. Wanda ya dace a mayar da shi gurbinsa da fuskarsa. A fanel mai 68000 ROM ɗin suna tafiya bibbiyu, ɗaya rabin sama ɗaya rabin ƙasa, in aka sauya musu wuri gem ba ya tashi, don haka a ɗauki hoton fanel da waya kafin a zare komai. Gogewa da fitilarta ta musamman minti 15 zuwa 20 ne, har ya karanta FF ko'ina. Kuma a rufe tagar da takarda mai gam bayan rubutu: takardun Intel sun ce rana kai tsaye tana iya goge shi cikin mako guda, ranar Garwa kuwa ba ta wasa.

Ƙananan PROM masu ƙafa 16, irin 82S123 da 82S126 da 82S129, su ke riƙe launuka da wasu lissafe-lissafe. Sau ɗaya ake ƙona su, kuma sababbin na'urorin rubutu masu araha ba sa iyawa. Zafi ɗabi'arsu ce, ba shaidar mutuwa ba. 74S288 takwaran 82S123 ne, 74S287 na 82S129, 74S387 na 82S126. PAL kuma, wato aisin da ake ƙona wa tsarin aikinsu a ciki, irin 16L8 da 16R4, a waje duk ɗaya suke amma abin da aka ƙona a ciki ya bambanta daga gurbi zuwa gurbi, wanda aka ciro daga wani gem ba zai yi a wannan ba. GAL16V8 yana maye gurbinsu idan an samu fayil ɗin da aka juya dominsa.

Ƙwaƙwalwar fanel ma a duba wutsiyar lambarta. Z80 zalla megahaz 2.5 ne, Z80A 4, Z80B 6, Z80H 8. Pac-Man na 1980 yana gudu a 3.072, ke nan Z80A ne mafi ƙanƙantar da zai ɗauke shi. Z84C00 na zamani yana shiga yawancin gurabe, sai dai kamfanin Zilog ya sanar da daina ƙera shi a 2024, wanda ya samu na gaske ya adana. 6809 da 6809E na Motorola harafi ɗaya ya raba su, amma mai E daga waje yake karɓar agogonsa, ba sa musanyuwa ko kaɗan. W65C02S ba ya zama kai tsaye a gurbin 6502 na fanel ɗin Atari, don ƙafarsa ta 1 ba layin ƙasa ba ce, ta 36 kuma sai an ɗaure ta sama. A ɓangaren sauti, YM2149 yana zama a gurbin AY-3-8910 muddin ƙafa ta 26 ba a ja ta ƙasa ba, in an ja ta sauti ya yi kauri da rabi. LM324 da TL084 jerinsu ɗaya, amma inda babu wutar ƙasa da sifili LM324 ne zai iya.

Akwai kuma waɗanda ba su da madadi a kasuwa ko ta Kano, ko ta Legas, ko ta Duwala, wato aisin da kamfanin gem ya sa aka ƙera masa shi kaɗai, irin CPS-A da CPS-B na Capcom da ke fanel ɗin Street Fighter II, da na Namco da Konami da SNK. Daga matattun 'yan'uwansu kaɗai ake samunsu. Wannan ne ya sa muke roƙon masu ɗakunan gem da suka koma sababbin akwatuna masu gem ɗaruruwa: don Allah kada ku auna tsofaffin fanel a sikeli ku sayar wa masu gwangwan. Wasu kuma an kulle su da batir. Tsarin CPS-2 na 1993 yana riƙe makullin gem a kan batir, haka FD1094 na Sega da ke kama da 68000 amma da batir a cikinsa. Cire batir ɗin alhali fanel yana kashe yana iya shafe makullin, kuma 68000 na gama-gari ba zai karanta ROM ɗin da aka kulle ba. A sani kuma fanel da yawa da suka shigo ƙasashen nan kwaikwayo ne, an jera musu 74LS a inda na asali ke da aisi na musamman; zanen na asali ba zai dace da su ba, amma sun fi sauƙin gyara.

Jabu ya cika kasuwar intanet. Ana kankare bayan tsohon aisi, a shafa baƙin fenti, a buga lambar da ake nema. A jiƙa auduga da asiton, ruwan nan na goge jan farce, a murza bayansa: in auduga ta yi baƙi, an yi masa fenti. A dubi ƙananan ramukan da ke bayansa, na kankararre sun shafe ko sun yi rabi. Ƙafafu masu ƙyalli da kaurin sabuwar dalma alamar an ciro shi ne daga wani wuri. Wanda aka ciro daga tsohon fanel a gaban idonka, aka gwada shi a na'ura, ya fi wannan aminci nesa ba kusa ba. Sai dai 74LS masu MB sun yi suna a wurin masu wannan gyara wajen mutuwa da tsufa, ba su ne za a tara don gobe ba. Dabarar goya lafiyayyen aisi a bayan wanda ake zargi tana nuna gaskiya ne kawai idan ƙafar tsohon ta mutu a sake. In ta maƙale sama ko ƙasa, sabon ba zai rinjaye ta ba.

Wajen cirewa, fanel ya fi aisi daraja. Idan an tabbatar aisin gama-gari ne kuma ya mutu, a yanke ƙafafunsa a jikinsa da ƙaramin almakashin waya, a ɗaga gangar jikin, a zare ƙafa ɗaya-ɗaya da ƙarfen liƙi a wajen digiri 350, kada ya wuce daƙiƙa uku ko huɗu a rami. A ƙara sabuwar dalma mai 60/40 a kan tsohuwa kafin a zuƙe, ita ke sa ta narke da wuri. Yaran shago su daina ɓanɓara da sukudireba, don ramin yana da bututun tagulla da ke haɗa sama da ƙasa, in ya fito tare da ƙafa an tsinke layin da ke ɓoye ƙarƙashin aisi. Bindigar iska mai zafi irin ta gyaran waya tana lanƙwasa tsohon fanel. Bayan an buɗe ramuka a auna kowane layi, a dasa soket mai kyau, a daidaita tsagar kan aisi da zanen da ke fanel, domin ba duka ne suke kallon gefe ɗaya ba. Lokacin hunturu, da iska ta bushe har riga ke tartsatsi, a taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin a ɗauki RAM ko HCT ko ƙwaƙwalwa, kada kuma a ajiye su a leda ko a kan darduma. Idan an tayar da gem ya yi kyau a kan tebur, a sake auna bolt 5 ɗin, a mayar da fanel cikin akwatinsa, a rufe ƙofa, a bar shi yana gudu awa uku ko huɗu a tsakiyar rana kafin a kira mai shi. A liƙa 'yar takarda a gefen fanel mai nuna gurbin da aka taɓa, lambar da aka cire, da wadda aka sa.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wasu masu gyaran na'urorin lantarki,
Garwa, Jihar Arewa, Kamaru